Jaririn da Harshensa Ke Yin Shuɗi: Tambayoyin Iyaye a Makka, Jidda da Madina

Cikin jarirai 100 da ake haifa, kusan ɗaya yakan zo da wata tawaya a halittar zuciyarsa. Yawanci masu sauƙi ne, wasu ma ba a sanin da su sai an girma. Amma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan yara yana buƙatar aiki kafin ya cika shekara, kuma a cikinsu ne ake samun waɗanda launinsu ke juyawa ya yi shuɗi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ke yawan fitowa daga bakin iyaye da kakanni, 'yan'uwanmu mazauna nan Saudiyya. Wadda ke riƙe da jaririn da harshensa ya yi duhu a yanzu haka, ta ajiye karatun ta nufi asibiti, ta karanta daga baya.

Me ke faruwa a ƙirjin yaron har launinsa ya canja?

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a dama biyu a hagu, kowane ɓangare da ɗakin sama da na ƙasa. Ɓangaren dama shi ke karɓar jinin da ya gama zaga jiki, wanda ya sauke iskar oksijin ɗinsa ya yi duhu, ya tura shi huhu. A huhu jinin yakan ɗauki sabuwar iska ya koma ja wur, ya dawo ɓangaren hagu, daga nan a harba shi ko'ina a jiki. Mutanen Jidda sun san motar wayit, wato tankar ruwa: ta je ashyab, tashar ɗibar ruwa, ta cika, ta kai ruwa unguwa, ta koma fanko. To a ce hanyar ashyab ta ƙuntata, ko an sami wata 'yar kwana da mota za ta bi ta koma unguwa ba ta cika ba. Motoci na ta kai-komo, gidaje kuwa ba ruwa. Haka jinin waɗannan yara yake, wani kaso nasa yana komawa jiki bai biya ta huhu ba, duhunsa ne ake gani a harshe da leɓe.

Shi ya sa ko an sa wa yaron oksijin a hanci launin ba ya gyaruwa sosai. Huhun lafiyarsa ƙalau, jinin ne ba ya isa wurinsa. Likita ma yakan yi amfani da wannan ya bambance ciwon zuciya da ciwon huhu.

Yaranmu baƙaƙe ne, ta ina za mu ga wani shuɗi?

Hajiya, ba a fatar jiki ake nema ba, kuma kada ki tsaya kan tafin hannu da tafin ƙafa. Lafiyayyen jariri ma hannuwansa da ƙafafunsa sukan yi duhu a kwana ɗaya ko biyu na farko, ko idan sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya buge shi. Ki ɗumama shi za su dawo daidai.

Cikin baki za ki duba. Ki kai shi bakin taga da rana, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki mai launi ba, ki sa yatsa ki ja leɓen ƙasa a hankali, ki kalli cikin leɓen da dasashi da harshe. Ko yaro ya kai tukunya baƙi, waɗannan wuraren jajaye ne. In kin ga sun yi toka-toka, ko shunayya, ko wani duhu kamar na hanta, wannan shi ne. In kina shakka, ki sa yayansa ya buɗe baki ki gwada su gefe da gefe.

Akwai tarko guda. Yaro mai ƙarancin jini zai iya rasa iska sosai amma shuɗin ya ƙi fitowa. Saboda haka a haɗa da sauran alamomi: numfashi fiye da 60 a minti ɗaya alhali yana kwance ba kuka yake ba, haƙarƙari na shiga ciki in ya ja numfashi, zufa a goshi lokacin tsotso, sakin nono yana haki bayan 'yan mintuna, ko barcin da ba ya tashi neman nono.

Lafiya lau aka sallame mu daga asibiti. Ya aka yi ya rikice kafin suna?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, kuma ita ce aka fi yin hasarar rai a kanta.

Jariri a ciki ba ya numfashi, mabiyiya ce ke ba shi iska daga jinin uwa. Don haka Allah Ya yi masa hanyoyin ratse da jini ke bi ya kauce wa huhu: wata 'yar gajeriyar jijiya da ta haɗa jijiyar huhu da babbar jijiyar jiki, da kuma ɗan rami tsakanin ɗakunan sama biyu. Da an haihu aikinsu ya ƙare. Jijiyar takan fara tsukewa cikin kwana ɗaya zuwa uku, ta toshe gaba ɗaya cikin sati biyu zuwa uku. Ga lafiyayyen yaro haka ake so. Ga yaron da aka haifa da toshewar hanyar huhu, ko da jijiyoyinsa a juye, wannan 'yar jijiyar ita ce ke riƙe da shi. Muddin tana buɗe yana tsotso yana barci kamar kowa. Ranar da ta tsuke, sai ya yi duhu, jiki ya saki, ƙafafu su yi sanyi.

Ku lissafa kwanakin ku gani. An sallami mai jego bayan kwana ɗaya ko biyu. Kwana na uku zuwa na bakwai gida ya cika, an sayo rago, kaka ta iso daga Kano ko Damagaram don zaman jego, 'yan barka na shiga suna fita, jariri na naɗe cikin tawul ana miƙa shi hannu zuwa hannu, ba mai buɗe bakinsa. Uwa ta ce ita dai ba ta gane tsotsonsa ba, a ce mata sabon shiga ce, ta bari a yi suna. A nan ake yin kuskuren. Rago zai jira, baƙi za su jira, wannan jijiyar ba ta jiran kowa. Kuma akwai magani, prostaglandin, da ake sawa ta ƙarin ruwa ya riƙe ta a buɗe har a shirya aiki. Maganin ya fi amfani ga yaron da aka kawo da sauran ƙarfinsa.

Akwai gwajin da za a gane tun kafin a bar asibiti?

Akwai, kuma ba ya cin minti biyar. Wani ɗan maƙali ne mai jar wuta da ake naɗa wa jariri a hannun dama da ƙafa ɗaya bayan ya cika awa 24, ya nuna yawan iskar da ke jininsa. In lamba ta kai 95 ko fiye a duka wuraren biyu, kuma bambancinsu bai wuce 3 ba, ya ci. Ƙasa da 90 ba a jira, sai bincike. Abin da ya faɗa tsakani a sake aunawa bayan awa ɗaya. Alhaji, kafin ka sa hannu a takardar sallama ka tambaya ko an yi, kuma nawa ya nuna. Wadda ta haihu a gida a kai jaririn a auna washegari.

Gwajin ba ya kama kowane iri, kuma na'urar takan ɗan ƙara lamba ga mai baƙar fata. In idonki ya ce da matsala na'ura ta ce babu, ki nace. Abin da ke yanke hukunci shi ne hoton zuciya da ake kira eko: a shafa ɗan mai a ƙirji a ɗora abin ɗauka, ba allura ba zafi.

Iri ɗaya ne ciwon?

A'a, suna da yawa, amma biyu aka fi gani.

Na farko shi ne wanda likitoci ke kira Falo, da sunan likitan Faransa Fallot da ya yi bayaninsa a 1888. Abubuwa huɗu ne a haɗe: rami tsakanin ɗakunan ƙasa, ƙuncin hanyar da ke zuwa huhu, babbar jijiyar jiki ta hau kan ramin, sannan naman ɗakin dama ya yi kauri saboda yawan turawa. Ana samunsa a kusan jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 3,000. Ƙuncin hanyar huhun shi ke nuna tsananinsa. Wani tun ranar haihuwa yake shuɗi, wani sai ya yi watanni.

Na biyu, manyan jijiyoyin biyu ne suka yi musayar wuri. Jinin jiki na komawa jiki, na huhu na komawa huhu, ba sa haɗuwa sai ta waɗancan hanyoyin ratse. Wannan tun awannin farko yake nunawa, kuma in ba a yi komai ba, kusan tara cikin goma ba sa kai shekara.

Sauran sun haɗa da toshewar ƙofar ɗakin dama, toshewar ƙofar huhu gaba ɗaya, jijiyoyin da ke dawo da jini daga huhu su sauka inda bai kamata ba, jijiya ɗaya maimakon biyu, da ƙanƙancewar ɓangaren hagu. Ku roƙi likita ya rubuta muku cikakken sunan na yaronku ya zana muku a takarda. "Yana da rami a zuciya" ba ya isar likitan da za ku gani nan gaba.

Ramin ba zai toshe da kansa ba? An ce na ɗan maƙwabta ya toshe.

Ƙananan ramuka da ba sa kawo shuɗi sukan toshe, gaskiya ne. Irin waɗanda muke magana a kansu ba sa gyaruwa da kansu, kuma ba maganin sha da ke gyara su.

Yana kuka sai ya shiɗe ya yi baƙi ƙirin. Me zan yi a lokacin?

Wannan ya fi faruwa ga masu Falo, musamman tsakanin wata biyu zuwa huɗu, kuma ya fi zuwa da safe bayan tashi daga barci, ko bayan kuka, yunƙurin kashi, zazzaɓi, ko wanka da ruwa mai zafi. Hanyar huhun ce ke ƙara matsewa farat ɗaya. Za ki ga numfashi ya yi sauri da zurfi, launi ya ƙara duhu, in ya daɗe jiki ya saki ko ya suma.

Ki ɗauke shi ki ɗora a kafaɗarki, ki lanƙwasa ƙafafunsa ki tura gwiwoyinsa har su taɓa ƙirjinsa, ki riƙe haka kina rarrashi a hankali. Lanƙwasawar tana matse jijiyoyin ƙafafu, jini ya ga hanyar jiki ta yi wuya, sai ya karkata zuwa huhu. Dalilin ke nan da manyan yara masu wannan ciwo suke tsugunnawa da kansu a tsakiyar wasa ba wanda ya koya musu. Wani ya kira motar asibiti a 997, ko 911 a yankin Makka. Kada a jijjiga shi, kada a sheƙa masa ruwa, kada a ɗura masa komai, kada a cika ɗakin da salati da ihu a kansa, firgita na ƙara abin. Ko ya farfaɗo ya koma wasa, a sanar da likitansa a ranar, don shiɗewa ɗaya takan sa a matso da ranar aiki.

Laifin uwar ne? Ko kambun baka, ko hannun wani?

Zuciya takan gama haɗuwa cikin sati takwas na farkon ciki, sau da yawa kafin mace ta tabbatar tana da shi. Ɗaukar kaya, ɓacin rai, faɗa da kishiya, fita ranar husufi, babu ɗayansu da ke juya jijiya. A mafi yawan yara ba a gano wani dalili guda. Surukan da ke ɗora wa mai jego laifi suna ƙara mata ciwo ne a kan ciwo.

Akwai dai abubuwan da aka san suna ƙara haɗari: ciwon suga da ba a daidaita ba kafin ɗaukar ciki, kamuwa da rubela, wato ƙyandar Jamus, a farkon ciki, wasu magungunan farfaɗiya da na kurajen fuska masu ƙarfi, da wasu lalurorin ƙwayoyin halitta. Kusan rabin yara masu lalurar Down suna da matsalar zuciya. Auren zumunci na kusa, ɗan wa da 'yar ƙani, yana ɗan ƙara haɗarin, an ga haka a binciken da aka yi a nan Saudiyya inda irin auren yake da yawa, kamar yadda yake a wurinmu. Yawancin 'ya'yan irin wannan aure lafiyarsu ƙalau, ba dalilin raba aure ba ne. Amma gidan da aka yi ta rasa jarirai a satin farko har ana cewa wabi ne, a gaya wa likita tun ciki yana ƙarami.

Ai mun yi gwajin kafin aure an ce mun dace.

Gwajin da aka wajabta tun 2004 na cututtukan jini ne, sikila da talasimiya, daga baya aka ƙara ciwon hanta da ƙanjamau. Ba ruwansa da zuciyar jariri.

Ɗan kwana goma za a tsaga wa ƙirji? A bari mana ya yi ƙwari.

Baba, tsoron yana kan hanya, ba uban da zai ji haka hankalinsa bai tashi ba. Sai dai a wasu ire-iren, jira shi ke ɓata aikin. Mai jijiyoyi a juye, ɗakin hagunsa huhu kawai yake tura wa jini, aiki mara nauyi, sai namansa ya yi laushi. In aka wuce sati biyu zuwa uku, ko an mayar da jijiyoyin ba zai iya ɗaukar nauyin jiki duka ba. Aikin mayar da su likitan Brazil Adib Jatene ne ya fara cin nasararsa a 1975, yau kuwa a manyan cibiyoyi fiye da tara cikin goma na jariran suna tashi. Kafin aikin wani lokaci akan zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta cibiya, a faɗaɗa ramin sama da 'yar balan-balan don jini ya gauraya.

Falo kuwa galibi ana gyara shi tsakanin wata uku zuwa shida, a toshe ramin a buɗe hanyar huhu. Masu ɗakin ƙasa ɗaya mai aiki sai an yi musu hawa-hawa: a jarirai, a wajen wata huɗu zuwa shida, sannan a shekara biyu zuwa huɗu. Wannan ba ya mayar da zuciya yadda take ga kowa, kuma ya kamata likita ya faɗa wa iyaye haka ƙarara.

Aikin farko na taimakon irin waɗannan yara an yi shi ne a Baltimore ta Amurka ranar 29 ga Nuwamba 1944. Likitar yara Helen Taussig ce ta kawo shawarar, Alfred Blalock ya riƙe wuƙa, amma wanda ya ƙware a dabarar, ya tsaya a bayansa yana nuna masa, baƙar fata ne mai suna Vivien Thomas, wanda bai taɓa shiga makarantar likita ba. Har yau ana yin irin aikin ga jaririn da bai kai a yi masa cikakken gyara ba.

A nan ƙasar ana yin tiyatar zuciyar yara a Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal a Riyad da Jidda, Cibiyar Zuciya ta Yarima Sultan a Riyad, asibitin Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, da Cibiyar Zuciya ta Madina. Ku shirya zuciyarku kafin shiga ganinsa bayan aiki: zai kumbura, bututu a baki, wasu a ƙirji suna fitar da jini-jini, wani lokaci ma akan bar ƙirjin a buɗe an rufe da bandeji na 'yan kwanaki har kumburin ya sauka. Duk cikin tsari ne. In akwai sikila a dangi, ku faɗa kafin aiki.

Zamzam, tofi da rubutu fa? Kaciya da cire belu?

Addu'a da tofi a yi ta yi, a gida da bakin gadon asibiti, ba mai hanawa. Abin da ake hanawa shi ne su zama dalilin jinkiri. Ɗura wa jariri mai haki ruwa, ko na zamzam ne, yana iya shaƙe shi. A shafa masa a jiki, uwar ta sha. Zuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara. Wanzami kuwa kada ya taɓa shi: ba cire belu, ba tsaga, ba ƙuna da ƙarfe irin wadda ake yi a nan. Rauni ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta su shiga jini su sauka a zuciya, kuka mai tsanani kuma na iya jawo shiɗewa. Kaciya a ɗaga ta sai likitan zuciya ya ba da izini, a asibiti. Turaren wuta a fitar da shi daga ɗakin jariri.

Ba ya ƙiba, ga zafin garin nan.

Tsotso a wurinsa aiki ne mai gajiyarwa. A ba shi kaɗan-kaɗan, akai-akai. Nonon uwa ne kan gaba. In ya gaji a tatsa a ba shi, in likita ya ce a sa bututun hanci kada a ɗauka ƙarshe ne ya zo.

Jikin yaro mai shuɗi yakan ƙera jajayen ƙwayoyin jini da yawa don cike gibin iska, jinin ya yi kauri. In gudawa, amai ko zazzaɓi suka busar da shi, ga zafin Makka da ke haura digiri 45, jinin na iya daskarewa a jijiyar ƙwaƙwalwa. Gudawar da za a yi wa wani yaro jinyarta a gida, shi asibiti ake kai shi. Rigakafi a ci gaba da yi bisa jadawali sai in likita ya ce a dakata da wani. Da haƙora sun fito a fara goge su, ruɓewarsu na kai ciwo zuciya.

Za mu iya kai shi Harami, ko Ɗa'if, ko mu hau jirgi zuwa gida?

Kafin aiki, cunkoson Harami a Ramadan da lokacin Hajji ba wurinsa ba ne. Murar da babba zai yi kwana uku ya warke tana iya kwantar da shi. Ɗa'if ta kai wajen mita 1,800 a sama, Abha ta haura 2,000, iskar can ta fi ta Jidda sirantaka. Cikin jirgi ma kamar kan dutse ne mai irin wannan tsawo, ga awanni huɗu zuwa biyar kafin Kano. Kada a yanki tikiti sai likitan zuciya ya auna shi ya rubuta ko yana buƙatar oksijin a hanya.

Kuɗin fa? Kuma in igama, takardar izinin zama, ta mutu?

Mai aiki a kamfani, inshorarsa ta haɗa da iyalinsa, kuma jariri yana ƙarƙashin ta uwarsa a kwana 30 na farko. A yi maza a saka sunansa kafin su cika. A manyan asibitoci akwai ofishin hidimar jama'a, khidma ijtima'iyya, su ne suka san ƙungiyoyin agaji da hanyar neman taimako. A je musu da rahoton likita tun ranar farko. Wanda takardunsa ba su cika ba, tsoronsa sananne ne, amma jariri mai shuɗi sashen ɗawari, wato na gaggawa, ake kai shi a daren, maganar takarda ta biyo baya. In Larabcin bai zauna ba a tafi da wanda zai fassara. Lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya tana ba da shawarar likita dare da rana.

Bayan aiki shi ke nan? Ciki na gaba fa?

Yawancin waɗanda aka gyara wa Falo ko juyayyun jijiyoyi suna zuwa makaranta, su yi wasa, su yi aure su haihu. Amma ba a sallamarsu daga likitan zuciya har abada, ko da sau ɗaya ne a shekara. Mai Falo kan buƙaci a canja masa ƙofar huhu a samartaka ko bayanta, wasu kuma bugun zuciyarsu kan rikice. In ya balaga, azumi sai da shawarar likita, musamman wanda shuɗin bai rabu da shi ba. 'Ya mace ta ga likitan zuciya kafin ta ɗauki ciki. Rahoton aikin da faifan eko a adana su tare da fasfo, a ɗauki hotonsu a waya, don ranar da za a koma gida.

Ciki na gaba, haɗarin maimaituwa bayan yaro ɗaya kusan biyu zuwa uku ne cikin 100. A daidaita suga kafin a ɗauka, a fara shan folik asid, a tabbatar an yi rigakafin rubela tun ba ciki, a nuna wa likita duk maganin da ake sha. Tsakanin sati 18 zuwa 22 a nemi ekon zuciyar ɗan tayi, ba hoton ciki na yau da kullum ba. In an ga matsala, sai a tsara haihuwa a asibitin da ke da likitocin zuciyar yara, da prostaglandin a ajiye kafin naƙuda.